"Demon" ba aljani ba ne

'Yan'uwa mazauna Kudu, wata gurguwar fassara ta zauna a bakin yaranmu 'yan boko, a Agege ko Sabo ta Ibadan: da an ce aljani sai su ce "demon". Muna ganin lokaci ya yi da za mu gyara musu.

A Turancin yau "demon" mugun ruhu ne zalla, ya fi kusa da shaiɗan. Mu kuwa mun san aljanu halitta ce daga wuta, a cikinsu akwai muminai akwai kafirai. Kalmar da ta dace ita ce "jinn", wadda Turawa suka aro daga Larabci. "Ghost" kuwa fatalwa ce, ba ta cikin wannan lissafi.

Wani zai ce, to sai me? Yarinya ce za ta faɗi a aji, uwa ta ce iska ce, yayanta ya fassara wa malama da "demon", ko ma "witch", wato mayya. Washegari 'yan aji sun fara gudunta, maƙwabta suna nuna gidanmu da baki, alhali sau da yawa farfaɗiya ce, wadda ake samun maganinta a asibiti.