Kishin Ƙasa: Abin Da Waƙa Ba Ta Iya Dasawa

Ran 29 ga watan Mayu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta komo da taken Nijeriya na ranar samun mulkin kai, aka ajiye wanda a ke yi tun 1978. Majalisun Tarayya sun gama da maganar cikin 'yan kwanaki kaɗan, amma nauyinta a kan malaman makaranta ya faɗa. Daga Kankia har Kusada, malami ne ya fara zama ɗalibi, ya hardace baitocin, sa'an nan ya biya wa yara. Dalilin da masu dokar suka bayar shi ne wai tsohon taken ya fi cusa kishin ƙasa. To, ya kamata mu duba ko waƙa na iya wannan aiki.

In a na zancen renon kishin ƙasa a makaranta, Amurka a kan kawo misali. Mutanenta ba kakansu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, yawancinsu jikokin baƙi ne da na bayin da aka kwasa daga Afirka. Saboda haka shugabanninsu suka mai da ƙasar kanta aƙida, watau imani da takardar 'yancin kai ta 1776, da tsarin mulki, da tuta. A 1892 wani mai suna Francis Bellamy ya rubuta mubaya'ar tuta don 'yan makaranta. A 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, aka ƙara ambaton Allah a cikinta, don a bambanta da Rasha ta 'yan gurguzu. Ka ga ke nan siyasa ba ta taɓa barin al'amarin ba.

Amma akwai abin da masu kawo misalin ba su cika faɗi ba. A 1940 Kotun Ƙolin Amurka ta ce halal ne a tilasta wa yaro gai da tuta. Shekara uku kawai aka yi, a 1943, a na tsakiyar yaƙin duniya, kotun nan ta warware hukuncinta, ta ce hukuma ba ta da ikon sa wa mutum magana a baki. Ƙashin bayan aƙidarsu kuwa gyaran tsarin mulki ne na 1868, bayan yaƙin basasarsu, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma ɗan jihar da ya ke zaune ne. Ba a ce sun cika alkawarin nan da wuri ba, gama sai a 1965 aka yi dokar da ta buɗe wa baƙaƙen kudancin ƙasar hanyar jefa ƙuri'a sosai. A Janairun 2025 ma Shugaba Trump ya ba da umurnin taƙaita wannan haƙƙi na haihuwa, magana ta kai kotu. Lalle gardamarsu mai zafi ce, amma a kan wane ne ɗan ƙasa a ke yinta.

Mu ma mun yi namu ƙoƙarin. Tutarmu Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959. Bayan yaƙin 1967 zuwa 1970, Janar Gowon ya kafa aikin bautar ƙasa a 1973, shi ya sa yaron Kusada kan sami malamin lissafi daga Inugu ko Ibadan, kuma ni a ganina babu dabarar da ta fi wannan amfani. A 1976 aka shigo da mubaya'ar da yara ke yi kowace safiya. Sai dai da Turanci a ke yinta, yaron aji biyu kuwa yana rera ta ne kamar aku, bai san me ya ɗaukar wa kansa ba. Malamin da ya ɓata minti goma ya fassara wa ajinsa ma'anarta da Hausa ya fi wanda ya yi wata guda yana gyara musu murya.

Ga inda gizo ke saƙa, kuma ku ma'aikatan ofis kun fi kowa sani. Yaron da aka haifa a Kankia, ya yi karatu a Kankia, ubansa na biyan haraji a nan, in ya zo neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma sai a tambaye shi garin kakansa. Haka a ke yi wa jikan Bakatsine da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko a Jos. Takardar nan kuwa ita ke buɗe ƙofar aikin Gwamnati da tallafin karatu. Da safe mun gaya wa yaro Nijeriya duk tasa ce, da ya girma akawu ya nuna masa iyakarsa. Ba laifin akawun ba ne, ƙa'idar da ya tarar ce, tushenta kuwa rabon muƙamai tsakanin jihohi da ke cikin tsarin mulkin 1999. An yi rabon don kada wani sashe ya danne wani, dalili ne mai ƙarfi, mu 'yan Arewa mun ci moriyarsa. Amma ya kamata a ce zama na shekaru masu yawa a gari ya isa ya ba mutum haƙƙi a cikinsa.

Sa'an nan ga maganar tsaro. A Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, nan cikin Jihar Katsina. Yaran nan sun yi shekaru suna alkawarin kare ƙasarsu kowace safiya. Uban da ke shawarar ko ya bar ɗansa a makarantar kwana ko ya janye shi, ba ya tambayar wane take a ke rerawa, na 1960 ko na 1978. Abin da ya ke tambayar shugaban makaranta shi ne ko an kewaye ta da katanga, da kuma wa ke gadi da dare.