Kafin ka sayar da masararka ka sayi sabwufa, karanta wannan zaren

1/
Samarin Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa masu situdiyo a ɗaki, ku matso. Ra'ayina a taƙaice: yawancinmu ba sabwufa muke buƙata ba tukuna, kuma waɗanda suka saya, ba a inda ya dace suka ajiye ta ba. Ni ma na yi wannan kuskuren, da kuɗina na koyi darasin. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/
Bara bayan kaka na sayar da rabona na masara, na hau mota a Kwanar Dangora zuwa birni, na dawo da wata ƙatuwar wufa mai inci 15. Mai shagon ya kunna min ita, ƙirjina har rawa yake. Na ce shi ke nan, na zama furodusa. Na kawo ta gida na cusa a lungun ɗaki, na jingina kujerata da bango.

3/
Waƙar biki na haɗa wa wani abokina. A ɗakina bas ɗin kamar zai tsaga siminti, sai na yi ta rage shi har ya yi min daidai. Ranar bikin a Tudun Wada DJ ya saka ta, wallahi kamar miyar da aka tsame wa nama. Ganga ba nauyi, kiɗa ba gindi. Ango ya waiwayo ya kalle ni, na sunkuyar da kai 😭

4/
Da na koma makaranta muka shiga darasin igiyar sauti a ajin Fiziks, sai na gane ba kunnena ne ya lalace ba. Ɗakina ne ya yi min ƙarya, wufar ta taya shi.

5/
Ga lissafin. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga 20 Hz zuwa 20,000 Hz, wato sau nawa iska ke kaɗawa a sakan ɗaya. Aikin sabwufa shi ne can ƙasa, daga wajen 80 Hz zuwa ƙasa. Sauti yana gudun mita 343 a sakan. Saboda haka igiyar 50 Hz tsawonta ya kusa mita 7. Ta fi ɗakinka tsawo, malam.

6/
Idan ta daki bango sai ta dawo ta haɗu da mai tahowa. A wani wuri su taru su ninka, a wani wurin su kashe juna. Ɗakunanmu galibi ƙafa 12 ne ta 12, wato mita 3.66. Raba 343 da ninki biyu na 3.66, za ka samu kusan 47 Hz. Wannan sautin shi ne sarkin ɗakin. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar sai ta hau kan 'yar uwarta.

7/
A jikin bango da lungu, wannan sautin yana kumbura. A tsakiyar ɗaki kuma yana ɓacewa. Ni na zauna jikin bango, na ji bas ya yi yawa, na rage, waƙa ta fito a rame. Wani abokina a Doguwa a tsakiyar ɗaki yake zama, bai ji bas ba, ya yi ta ƙarawa, waƙarsa ta riƙa sa sifikun mutane karkarwa. Cuta ɗaya, alama biyu.

8/
Abu na biyu: wufar biki daban, sabwufar situdiyo daban. Ta biki an ƙera ta don ta girgiza fili, mutane su taka. Ta situdiyo an ƙera ta don ta faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Mai haɗa sauti aboki mai gaskiya yake nema, ba maroƙi ba.

9/
To wa yake buƙatarta? Tambayi kanka su wa ke jin waƙarka. A garuruwanmu a wayar Tecno, Infinix da itel ake ji, sai 'yar sifikar bulutut a shago ko majalisa. Sifikar waya da ƙyar take fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz. Idan muryar mawaƙi da kalangu da fiyano ba su zauna daidai ba, 35 Hz ba za ta cece ka ba.

10/
Na san masu cewa: "Ai mu amafiyano muke yi, da 808." Maganarku tana kan hanya. Bas irin na Roland TR-808, injin da ya fito a 1980, da gangar amafiyanon Afirka ta Kudu, suna sauka inda ƙaramar monita ba ta kaiwa. Yamaha HS5 misali a 54 Hz take tsayawa. Kuma DJ ɗin biki zai tona asirin duk abin da ba ka ji ba. Ku kam kuna da hujja.

11/
Amma ko ku, ga jerin da nake ganin ya fi: farko hedfon na gaskiya irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica M50x, domin shi babu ruwansa da bangon ɗaki. Sannan monita biyu. Sannan gyaran ɗaki. Sabwufa ita ce auta. Wanda ya fara da auta ya ɗora kwano kafin ya haƙa tushe.

12/
In lokacin saye ya yi, duba abu huɗu:
• Inci 8 ko 10 ya ishi ɗaki ƙafa 12. Inci 15 wahala ce.
• Ta zama mai amfilifaya a cikinta.
• Ta zama da maɓallin raba aiki tsakaninta da monita, wanda ke juyawa daga 80 zuwa 120 Hz.
• Ta zama da maɓallin 0/180.
Kar lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ta ruɗe ka.

13/
Yanzu wurin ajiyewa, kuma wannan kyauta ne. Fara da kujerarka: kar tsakiyar ɗaki, kar jikin bangon baya. Masu harkar suna farawa da kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki daga bangon gaba. A ɗaki ƙafa 12, wajen ƙafa 4 da rabi ke nan.

14/
Sai rarrafe. E, rarrafe 😂 Ɗora sabwufar a kan kujerar da kake zama. Kunna kiɗan da bas ɗinsa ke hawa yana sauka. Durƙusa ka bi gefen bangon gaba da kunnenka a ƙasa. Inda ka ji kowane sauti ya fito daidai da ɗan uwansa, babu mai kumbura babu mai ɓacewa, sa alama da alli. Nan ne gidanta. Ba inda ya fi ƙara kake nema ba, inda ya fi daidaito.

15/
Ranar da nake nawa rarrafen Inna ta leƙo ta ce, "Kai kuma lafiya? Kuɗi ka yar?" Na ce, "A'a Inna, bas nake nema." Ta ce, "Allah Ya shirya," ta saki labule.

16/
Ba dole ta zauna tsakanin monita ba. Ƙasa da 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ke fitowa sosai, don haka in ta ɗan karkata gefe babu laifi. Sa maɓallin rabo a 80. Kunna sautin 80 Hz, gwada 0, gwada 180, bar shi a inda bas ya fi cika a kujerarka. Ƙarfinta kuwa: in kana iya nuna ta da yatsa ido a rufe, ta yi yawa. Sai an kashe ta ya kamata ka san tana nan.

17/
Kiret ɗin ƙwai da muke mannawa a bango, don Allah mu daina yaudarar kanmu. Shi da siririn soso ba sa taɓa igiya mai tsawon mita 7. Bas abu mai kauri yake so, a cika lungunan ɗaki da shi daga ƙasa zuwa sama. Kuma ka ɗaure duk abin da ke karkarwa: silin, taga, ƙofar ƙarfe. In kana da laftof, manhajar REW kyauta ce, da makirufon awo za ta zana maka ƙaryar ɗakinka ƙiri-ƙiri.

18/
Ƙarin haske: wutar Najeriya a 50 Hz take tafiya. In wayarin ɗinka ba shi da kyau, ko janareta na wasa, gurnanin nan "mmmm" zai fito a 50 Hz, dab da 47 ɗin da ɗaki ke kumburawa. Ka haɗa kayanka duka a soket ɗaya, ka yi amfani da kebul masu kyau, ka sa sitabilaiza.

19/
Na ƙarshe, kuma ya fi duka nauyi: maƙwabci. Murya bango yana tare ta, bas kuwa ratsawa yake. Kai kana jin kiɗa, tsohon da ke bayan katanga "dum dum" kawai yake ji a ƙirjinsa. Wani dattijo a layinmu ya tare ni bayan Isha'i ya ce, "Ɗana, hawan jini gare ni, kwana uku ban runtsa ba." Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ba za a sake ba." Kunyar ta fi ta ranar biki.

20/
A gari irin namu kowa ya san gidan kowa. Situdiyo ɗaya ta hana unguwa barci, duk mai harkar waƙa ne zai sha zagi, iyaye su ƙara hana yara. Ka kashe lokacin salla, ka rage da dare. Kunnenka ma jari ne: ƙara mai 85 dB na awa 8 ita ce iyakar da masana lafiyar ma'aikata suka sa.

21/
Wufata mai inci 15 yanzu haya nake ba DJ, can ne muhallinta. Kai kuma kafin ka kai buhunka kasuwa, ɗauki tef ka auna ɗakinka. Ajiye min tsawo da faɗi a ƙasa, in lissafa maka sautin da ke yi maka ƙarya. Ka tura wa abokin nan naka mai kiret ɗin ƙwai 🙏🏾