Gani Ya Kori Ji, Amma Kunne Ya Girmi Kaka

Jama'a, akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin 'yan'uwanmu makiyaya da fataken shanu, musamman waɗanda kan sauko Yawunde da dabbobi su sauka wajen masu masaukinsu a unguwar Briqueterie. Kukan kuwa shi ne wai duniya ta tafi ta bar su. Mutum zai yi wata uku ko huɗu a ruga, babu lantarki balle akwatin talabijin, ran da ya shigo gari ya zauna a teburin mai shayi ko gindin tukubar mai tsire, sai ya tarar ana ta musu a kan ministan da aka sauke, da yaƙin wata ƙasa, da ƙwallon daren jiya, shi kuwa ya yi tsuru kamar baƙo a gidan biki. Daga nan sai kunya ta kama shi, har wani ya fara lissafin karsanar da zai sayar ya sayi talabijin da farantin sola, don kada a sake ce masa ɗan daji.

Ba mu raina wannan kuka ba, domin rashin sani ya fi dare duhu. Amma muna ganin an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Abin da ke cutar da makiyayi shi ne rashin samun labarin da ya shafi dukiyarsa a kan lokaci, cikin harshen da yake ji, daga bakin da za a amince da shi. Wannan kuwa talabijin bai taɓa ba mu shi yadda ya kamata ba, ko da muna zaune a gabansa dare da rana.

Mu tuna cewa talabijin baƙo ne a Kamaru. Sai a watan Maris na 1985 aka fara nuna hoto, lokacin babban taron jam'iyya a Bamenda, sannan a 1987 aka haɗa gidan rediyo da na talabijin suka zama CRTV. Kafin wannan lokaci an daɗe ana kiwo, ana fatauci, ana koro shanu daga Adamawa zuwa kudu, kuma tun 1974 da layin dogo ya isa Ngaoundere ake loda su a jirgin ƙasa. Iyayenmu da suka yi wannan aiki ba su taɓa ganin fuskar mai karanta labarai ba, amma sun san farashin bijimi a kasuwa uku kafin su ɗaga sanda. Ba mu musa cewa talabijin ya zo da daɗinsa ba. Duk wanda yake Briqueterie ran 8 ga Yuni 1990, da Omam-Biyik ya jefa wa Ajantina ƙwallo a Italiya, ya san yadda gida ɗaya mai akwati ya ɗauki mutanen layi guda. Sai dai daɗin kallo daban, sanin abin da zai taɓa garke daban.

Ga misali. Daren 11 ga Janairu 1994, a birnin Dakar, ministan kuɗi na Kamaru Antoine Ntsimi ya karanta sanarwar karya darajar sefa. Aka wayi gari faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Duk bafataken da ya ba da shanunsa bashi kafin wannan dare, da kuɗin da suka rage ƙarfi aka biya shi, kuma maganin dabbobi da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. To, wa ya fara sani a cikinmu? Wanda ya kunna rediyo da asuba ya ji bayani da Hausa. Mai talabijin da ba ya jin Faransanci ya ga manyan mutane sanye da kwat suna zaune a teburi, ya kashe akwatinsa ya kwanta.

Haka aka sake yi a ƙarshen 2022, da Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023. Masu kai shanu kasuwar Mubi da sauran kasuwannin bakin iyaka sun san wahalar da aka sha a watannin nan, kuɗi a hannu amma ba mai karɓa, saniya a kasuwa amma ba tsabar da za a biya. Wanda ya ji da wuri ya rage tsofaffin takardun da ke hannunsa, wanda bai ji ba ya canzar da su da asara.

Ko a cikin gida, an san cewa a labaran rana da na yamma na gidan rediyon ƙasa ake karanta dokokin shugaban ƙasa da naɗe-naɗen gwamnoni da sauran masu mulki. Kada wani ya ce wannan ba ruwan makiyayi. Bisa dokar 3 ga Yuli 1978, superefe, wato shugaban gunduma, shi ne ke jagorantar kwamitin sasanta rikicin manoma da makiyaya. Idan aka canza shi, an canza mutumin da maganar burtali da mashaya da diyyar ɓarna ke hannunsa. Ƙaramin rediyo mai batir biyu ya isa ya kawo maka wannan labari har gindin bishiyar da kake kiwo.

Wani abin takaici kuma shi ne, yadda labarin gari ba ya isa ruga, haka labarin ruga ba ya isa gari. Daren 21 ga Agusta 1986 iska mai guba ta taso daga tafkin Nyos a lardin Arewa maso Yamma, ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, kuma makiyaya na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Sai bayan kwanaki duniya ta ji. Wannan babbar masifa ke nan, to ina ga ƙananan da ba a ƙirgawa: ciwon huhu ya shiga garke, an sace mutum ana neman kuɗin fansa, an nome burtali. Sau nawa muka ga waɗannan a talabijin? Saboda haka mai akwati a birni shi ma a cikin duhu yake game da mu, alhali naman da ke tukunyarsa daga mayankar Etoudi ya fito.

Tun da daɗewa rediyo ne abokin tafiyarmu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Rediyon Faransa a 2007, sannan a 2019 Rediyon Faransa ya buɗe sashen Fulatanci. Rediyo ba ya hana ka tatsa, ba ya hana ka bin shanu, ka rataya shi a kafaɗa kawai. Amma abin da ya faru a watan Maris na 2025, da umarnin Shugaba Trump ya sa Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru, ya isa ya zama darasi. Kayan aro ba ya ado, ranar da mai shi ya so zai karɓe abinsa. Kuma duk ƙwarewar waɗannan gidaje, ba za su faɗa maka nawa aka sayar da bijimi jiya a Ngaoundere ba.

Yanzu kuma ga wayar hannu ta shigo. Alherinta a fili yake, domin daga ruga kana iya kiran dillalinka a Etoudi ka ji yadda kasuwa ta kwana. Amma ita ce ta buɗe wa jita-jita ƙofa. Wani zai turo murya ta WhatsApp ya ce an rufe iyaka, ko cuta ta ɓulla a wuri kaza, ko ya turo hoton gawarwakin wata ƙasa na shekarun baya ya ce jiya aka yi a garinku. Nan take wani ya karyar da dabbobinsa, wani ya ɗauki makami. A nan ne karin maganar gani ya kori ji ke yaudarar mutane, domin hoto ma yana ƙarya. Mu sani kuma dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da shi ba ta waɗannan na'urori.

To mene ne abin yi? Na farko, kowace ruga ta riƙe rediyo da batir kamar yadda take riƙe gishirin shanu. Na biyu, a kowace kasuwar dabbobi da kowane masauki a sami yaro ɗaya mai jin Faransanci ko Turanci, a ɗora masa sauraren labaran ƙasa kullum, ya fassara wa dattawa abin da ya shafe mu. Mun sa 'ya'yanmu makaranta, to ga ranar amfaninsu. Na uku, shugabannin kasuwa da amintattun dillalai su riƙa fitar da farashi da sanarwar allurar rigakafi da sunansu, don a san bakin da magana ta fito, wanda duk ya ji wani labari dabam ya tambaye su kafin ya tura gaba. Matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe muna kira ga CRTV da gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu da su ƙara lokacin Fulatanci da Hausa, su sa farashin dabbobi da labarin cututtuka da dokokin kiwo a ciki, su kuma tura wakilansu ruga tun kafin a yi gawa. Wanda Allah ya hore wa ya sayi talabijin, ba laifi, ya sha kallo lafiya. Wanda bai da shi kuwa kada ya sayar da karsana don kunyar masu hira a teburin shayi. Karsana za ta haihu, akwati ba ya haihuwa.