Wa Ya Kamata A Gayyato Ya Yi Laccar Daji?

A cikin shekarar 1930 wani Bature ma'aikacin gwamnati, Mista A. F. B. Bridges, ya kafa ƙungiyar Nigerian Field Society, watau taron masu sha'awar sanin tsuntsaye da namun daji da itatuwan ƙasar nan, kuma a 1931 ta soma buga mujallarta. Cikin al'adun rassanta, kamar na Ikko da Badun, akwai gayyato baƙo ya yi lacca. Akan taru da maraice, a haska hotuna a bango kamar majigi, in ya ƙare a yi masa tambayoyi. Ƙananan ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni su ma wannan hanya suke bi.

Lalle al'ada ce mai kyau, sai dai da sauran gyara. Galibi malamin jami'a akan kira, ko wani jami'in gandun daji, da Turanci kuma ake jawabin. Maharbi da masunci da makiyayi, waɗanda daji ne gidansu, da wuya a tuna da su.

Alhali kuwa ilmin da ke cikin littattafan ma, da yawansa daga bakinsu ya fito. Lokacin da Likita J. M. Dalziel ya wallafa littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa a 1916, ai ba daga Ingila ya zo da sunan marke ko sabara ba. Masu ƙasa ne suka gaya masa.

A dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Masani zai kawo taswira ya nuna yadda ambaliya ta ragu bayan an gama madatsar Tiga a 1974. To, amma dattijon masunci shi zai faɗi hanyar ruwan da kacala ta fara toshewa, da irin kifin da ya daina shiga komarsa. Haka nan zancen ungulu. Sai a 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a garuruwanmu cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, amma mahautan da suka tsufa a mayanka sun riga kowa ganin ta janye. Masu kama ta su kai kasuwar magunguna kuwa, ba su zuwa lacca, balle su ji illar abin da suke yi. In aka ba sarkin maharba kujerar baƙo, yaransa za su biyo shi, su ma su ji ta bakin masana.

Wani zai ce maharbi yakan gauraya gaskiya da camfi, har da cika baki. Haka ne, mai digiri ma ba a rasa shi da na biyun. Maganin abin shi ne tambaya, a kuma zaunar da masani kusa da shi, kowa ya auna maganar ɗan'uwansa.

Ɗawainiyar ba ta da yawa. A biya wa baƙo kuɗin mota, a samo tafinta saboda waɗanda ba su jin harshensa, a sa taron bayan La'asar don kada ya ci Magariba. Sakatare kuma ya ɗauki maganar a na'ura, ya rubuta sunan kowane tsuntsu da kowace bishiya yadda dattijon ya faɗe shi.