A canza labulen bakin sito kafin damina

A ƙofar lodi ta manyan sito-sito, inda tirela ke ja da baya ta manne da gini, akan kafa wani labule mai kauri na tamfol da roba. Yana rungume bayan motar ta sama da gefe biyu, ya toshe kafar da ke tsakaninta da bango. Kullum ƙarfen mota na gogarsa, rana na gasa shi, har ya tsage.

Muna kira ga masu sito a Sharaɗa, Bompai da Chalawa su duba nasu tun yanzu. Da zarar ya yage, ƙurar hunturu ta samu hanya, ruwan Agusta ya jiƙa kwali da buhu, daɓe ya yi santsi ƙarƙashin ƙafar ɗan dako, wanda shi ne zai karye idan ya zame. A ɗakin sanyi ɓarnar ta fi yawa. Kifin da ake ajiyewa a digiri 18 ƙasa da sifili ba ya jure zafin Afrilu na Kano, mai haura digiri 40, ga injin sanyaya na ta ƙara shan dizal.

Faci ba ya magani idan ƙarfen da ke riƙe labulen ya lanƙwashe. Kafin a sayi sabo kuma, a auna motocin da ke zuwa, domin wanda aka yanka wa tirela ba zai kama ƙaramar mota ba.