MOTA DA MAI ITA: Kafin Ka Kwance Dashbod A Gida

A wannan mako filin namu zai duba wani aiki ne wanda masu motoci da yawa suke yi wa kallon wasan yara, watau kwance allon gaban mota da aka fi sani da dashbod, tare da robobin da aka lulluɓe cikin mota da su. Dalilin ɗauko wannan magana kuwa shi ne wani abu da ya same ni a cikin daminar nan, wanda har yanzu in na tuna da shi sai gabana ya faɗi.

Ina da wata 'yar mota ƙirar Japan, 'yar Kwatano, wadda na saya shekara huɗu da suka wuce. Bayan shekara biyu da sayenta na'urar sanyaya ciki ta lalace, na kai ta wani gareji a nan Ikko, aka ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Na bar ta kwana uku. Da na je ɗauka sai wani yaron gareji ya miƙo mini ƙusoshi biyar a tafin hannu, ya ce wai ragowa ce, masu ƙera motar ne suka yi almubazzaranci. Na karɓa na zuba a aljihu ban ce kome ba. Tun daga ranar motar ta kama wata ƙara, ko ƙaramin rami na faɗa sai ka ji kamar ana kaɗa gwangwani da tsakuwa.

To, da daminar bana ta kankama sai ruwa ya soma taruwa a ƙarƙashin ƙafar wanda ya zauna gaba, ga kuma wani wari mai tayar da zuciya duk lokacin da aka kunna fanka. Da na nemi shawara aka sake ce mini sai an sauke dashbod. Na ce a raina wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na nemo littafin gyaran motar na karanta, ran Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na kama aiki da kaina.

Abin mamaki, ruwan da warin duka ba su bukaci sauke dashbod ba. Aljihun gaba kurum na cire da robar da ke ƙarƙashinsa. Na'urar sanyaya mota tana tatso raɓa daga cikin iska, akwai kuwa wani ɗan bututun roba da ke zubar da wannan ruwa ƙasa, shi ya sa za ka ga mota tana ɗiga in ta tsaya. Nawa bututun laka ce ta toshe shi, ruwan ya rasa hanya ya dawo ciki. Warin kuwa ɓera ne ya yi sheƙa a bakin fanka, ya mutu a ciki. Aikin bai kai sa'a guda ba.

Amma da yake na riga na buɗe wurin, sai na haska tocila sama don in nemo inda ƙarar nan take fitowa. Nan na hangi wani kan waya ruwan ɗorawa yana reto, ba a haɗe da kome ba. Wannan ita ce wayar jakar iska ta gefen fasinja, jakar da ke kumbura ta tare mutum in an yi karo. Da na ci gaba na zaro gilashin maleji, sai na tarar an liƙa baƙin tef a kan fitilar da ya kamata ta faɗakar da ni. Ke nan shekara biyu cur mai ɗakina tana zaune a wannan kujera, mun je Zariya mun dawo har sau uku, alhali kuwa abin da muke zaton zai kare ta bayan kariyar Allah a kashe yake.

Wannan shi ya sa na ga ya wajaba in yi wa masu karatu bayani. Mu da muka tashi muka tarar da Fijo 504 a ƙofar gidajen iyayenmu, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, mun saba ganin uba da sukudireba ɗaya ya kwance gaban mota kafin azahar ya mayar kafin la'asar. Bayan wancan allo babu kome sai wayoyi 'yan kaɗan da igiyar maleji. Motar yau ba haka take ba. A bayan dashbod ɗinta akwai tukunyar sanyi, da ta ɗumi mai ɗauke da ruwan lagireto, da fanka, da damin wayoyi mai kaurin hannun yaro, da ƙananan kwamfutoci, da kuma jakar iska. A Amurka, inda da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su suka fito, doka ta tilasta sa jakar iska biyu a gaban kowace ƙaramar mota tun daga ƙirar 1998. Saboda haka wanda ya sa hannu a nan ya san cewa akwai abin fashewa a kusa da fuskarsa.

Tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce, shin aikin ya kai a sauke allon duka? Sau da yawa bai kai ba. Matatar iska da fanka ta bayan aljihun gaba ake isa gare su a yawancin motoci. Rediyo robar da ta kewaye ta kurum ake ɓamɓarewa. Akwatin fiyus yana da murfinsa. Abin da kan tilasta sauke allon gaba ɗaya shi ne canza tukunyar sanyi ko ta ɗumi, ko kuwa gyaran wayoyin da suka ƙone. In an ce maka sai an sauke, ka tambayi abin da ake son a isa gare shi, kada garin neman gira a rasa ido.

In ka ƙudura za ka yi, tanadi kayan aiki tukuna. Sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana lamba 10 da lamba 12, tocila, tef na takarda da biro, da kuma 'yan cokulan roba da ake ɓamɓare allo da su, waɗanda ake samu a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Ikko ko Ƙofar Ruwa a Kano. In babu su, ka naɗe bakin sukudireba da ƙyalle don kada ya yi wa roba tabo. Ka nemi kwalin ƙwai wanda babu kome a ciki, kowane gurbi ka zuba ƙusoshin wuri guda, ka rubuta sunan wurin. Wayar hannunka kuma ta zama shaidarka: kafin ka taɓa abu ka ɗauki hotonsa, bayan ka cire ka sake ɗauka. Mutum yakan ɗauka zai tuna, amma bayan ƙusa ta talatin duk kamarsu ɗaya.

Sa'an nan sai batir, wanda shi ne uban aikin. Ka ajiye mota a wuri mai daidai, tayoyin gaba su miƙe sak, ka ja birkin hannu. In kujeru da gilasai na lantarki ne ka tura kujerun baya ka sauke gilasan tun da wuta. Ka zare makulli, ka kwance kan batir mai alamar ɗebewa, watau baƙin, ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. Dalilin fara da baƙin shi ne jikin motar duka a haɗe yake da shi, saboda haka ko sifana ta goga ƙarfe ba za ta yi tartsatsi ba. Bayan wannan sai ka jira. Kwamfutar jakar iska tana riƙe da ajiyar wuta na ɗan lokaci ko da an cire batir. Littattafan Toyota sukan ce a jira daƙiƙa 90, na Honda minti 3. Ni dai minti goma na ba ta, na sha shayi na dawo. Har ila yau wasu rediyoyin sukan kulle in an yanke musu wuta, sai an sa lambar sirri, don haka ka tabbata kana da ita.

Shi kwancewa yana da tsari, domin a masana'anta an jera robobin ne wani a kan leɓen wani. Abin da aka sa a ƙarshe shi ke fita da fari. Ana farawa daga dokin ƙofa da robar gefen ƙafa, sai aljihun gaba, sai robar da ta kewaye giya, sai ta rediyo, sai ta maleji, sa'an nan ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba. Bayan waɗannan ne manyan notocin da ke riƙe da allon suke bayyana. Yawancin robobin da maɓallai ake riƙe da su. Ka zura cokalin kusa da maɓallin, ka ja zuwa gare ka kai tsaye, ba a murɗawa. In ka ja abu ya ƙi zuwa, to, ka tsaya: akwai ƙusar da ba ka gani ba, ko a ƙarƙashin wani ɗan murfi, ko a bayan mazubin toka, ko a cikin hancin iska. Ƙarfi ba ya aiki a nan, sauri kuwa shi ke haifar da nawa.

Akwai kuma abin da ranar ƙasarmu ke yi wa roba. Motar da ta shekara goma sha biyar tana shan zafi robarta ta bushe ta zama kamar ƙosai na kwana uku a waje, ga tauri ga saurin karyewa. Da sanyin safiyar hunturu ta fi karyewa. Gara ka bar motar ta ɗan sha hantsi robar ta saki, sa'an nan ka tura ta inuwa. Duk da haka sai ka karya wasu maɓallai, ni na karya uku, don haka ka sayo 'yan canji tun kafin ka fara. Kawunan wayoyi kuwa kowanne yana da ɗan harshen da ake dannawa. A kan ake kamawa, ba a jan waya. Kowane kai ka cire ka liƙa masa tef ka rubuta inda ya fito.

Yanzu ga iyakoki uku da nake roƙon mai karatu kada ya ƙetare su a gida. Na farko, duk waya ko kan waya ruwan ɗorawa ka ɗauke shi tamkar na jakar iska ne. Kada ka yanke ta, kada ka gwada ta da fitilar gwaji irin ta masu rewaya, domin 'yar wutar gwajin tana iya tayar da ita. Jakar nan tana cika ne a ƙasa da ƙiftawar ido, da ƙarfin da zai iya karya wuyan wanda ya sunkuya a kanta. In ta kama dole an cire ta, ana ajiye ta ne fuskarta na kallon sama, nesa da wuta da yara. Na biyu, bututun ƙarfe na na'urar sanyi. Iskar da ke ciki a matse take ƙwarai, in ta fesu tana ƙona fata da sanyi, tana iya makantar da ido, sai mai injin zuƙe ta. Na uku, sitiyari. A bayansa akwai wata siririyar waya a nannaɗe kamar faifai, in aka cire shi aka juya ba bisa ƙa'ida ba sai ta tsinke, oda da jakar iskar direba su mutu tare.

Bugu da ƙari, masu tsofaffin motoci su san labarin kamfanin Takata na Japan, wanda jakunkunan iskarsa suka jawo kiranyen motoci mafi girma a tarihi, kimanin jaka miliyan 67 a Amurka kaɗai, har kamfanin ya durƙushe a 2017. Sinadarin da ke cikinsu zafi da laima suke lalata shi, in ya tashi sai ya farfasa gwangwaninsa ya watsa wa mutane ƙarfe. Zafi da laima kuwa ba baƙi ba ne a Ikko ko Fatakwal. A kusurwar dashbod ta gefen direba, ta cikin gilashin gaba, akwai lambar mota mai harafi da alƙalami 17. Da ita ake bincikawa a intanet ko a wurin wakilan kamfanin a ga ko motarka tana cikin waɗanda aka kira.

Mayarwa ta fi kwancewa wuya, nan ne hotunanka da kwalin ƙwai za su biya ka. Ka bi tsarin daga ƙarshe zuwa farko. Kada ka kunna mota alhali wayar jakar iska tana cire, domin kwamfuta za ta rubuta laifi, fitila ta kama, a wasu motocin ba za ta mutu ba sai an sa na'ura. Lokacin mayar da batir kada kowa ya kasance a cikin mota. In ka gama ka ga ƙusa ta ragu a kwali, to, aiki bai ƙare ba.

Ni da na ga wayar nan tana reto ban mayar da ita da hannuna ba, domin ban san dalilin da ya sa aka bar ta ba. Na rufe abin da na buɗe, ran Litinin na kai wa wani mai rewaya da ke da na'urar bincike, ya duba jakar ya haɗa ta, ya share laifin, na tsaya a kansa har ya gama. Ƙusoshin nan biyar kuwa, waɗanda na tarar a cikin wani gwangwani a ɗaki, huɗu sun koma gurabensu, ƙara ta ɗauke. Ta biyar har yau muna nema mata gida.

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi gobe da safe ba tare da ya kwance kome ba. Ka murɗa makulli har fitilun maleji su kama, kada ka tayar da inji. Ka nemi hoton mutum a zaune da ƙwallo a gabansa, ko haruffan SRS. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu da kanta. In ta zauna a kunne akwai matsala. In kuwa ba ta kama ba sam, to, wataƙila wani ya riga ka shiga bayan allon nan, kuma bai gaya maka abin da ya baro ba.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.