Zaɓen da muka bar wa hedimasta da mai unguwa

Kwanakin baya wani maƙwabcina tela ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba, ya ce, “Malam, yau akwai taro a firamaren unguwa, za a sabunta kwamitin makaranta. Don Allah ka zo, ko a samu mai ɗan boko a cikinmu.” Nauyinsa da na ji ne ya kai ni wurin, domin ’ya’yana ba a can suke karatu ba, kuma duk da kullum ina wuce makarantar a mota, ban taɓa taka ƙafata cikinta ba.

Mutanen da na tarar ba su kai talatin ba, a makarantar da yaranta suka fi ƙarfin azuzuwanta. Mata biyu ne kawai, suna zaune can baya. Bayan addu’a hedimasta ya zaro takarda daga aljihu, ya karanto sunayen shugaba da ma’aji da sauran wakilai, ya dubi wakilin mai unguwa, sannan ya tambaye mu ko an amince. Muka ce an amince. Aka shafa Fatiha, aka watse. A hanya tela yake shaida mini cewa shugaban da aka ambata ya daɗe a kan kujerar, kuma shi dai bai taɓa jin an karanta wa iyaye lissafin kuɗi ba. Na tambaye shi abin da ya hana shi magana. Ya ce, “Haba Malam! A gaban wakilin mai unguwa? Mutumin nan sa’an mahaifina ne. Gobe da wane ido zan dube shi?”

Wannan amsa ta tela ita ce dalilin wannan rubutu. Amma bari mu fara duba mene ne kwamitin, domin na lura da yawa daga cikinmu ’yan boko ba mu bambance shi da ƙungiyar iyaye da malamai ba.

A nan Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokar shirin ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware wa shirin kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Daga Abuja kuɗin kan bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda ke tafiyar da makarantu ta hannun sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. A duk wannan jeri babu wanda uba ko uwa suka zaɓa. Don cike wannan giɓi ne Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince, a tsakiyar shekarun 2000, a kafa wa kowace makaranta kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilan malamai, da na ɗalibai, da na iyaye, da na mata, da na tsofaffin ɗalibai, da masu sana’ar hannu, da shugabannin addini da na gargajiya. Aikinsa ya tsara abin da makaranta ke buƙata a shekara, ya bibiyi zuwan malamai da na yara, ya nemo waɗanda suka daina zuwa, ya kai kuka gaba.

Kada mai karatu ya ɗauka kujera ce ta shan shayi. Lokacin da aka fara shirin NIPEP a 2015, wanda Bankin Duniya ya kula da shi a jihohin Sakkwato da Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, ta asusun waɗannan kwamitoci aka riƙa tura wa makarantu tallafi. Haka nan shirin ilimin ’ya’ya mata na UNICEF, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2022, da su ya yi aiki a jiharmu. Ke nan wanda ya zama shugaba ko ma’aji shi ne zai sa hannu a fitar da kuɗin rufin aji, ko na benci, ko na bayan gida. Ashe kuwa yadda aka zaɓo shi ba ƙaramar magana ba ce.

A Amurka akasarin hukumomin makarantun gwamnati da ƙuri’a ake zaɓensu, su ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su kuma ɗauki babban jami’in ilimi na yankinsu, ko da yake su ma can ana kukan ƙarancin masu fitowa. Amma ba sai mun tsallaka teku neman misali ba. Duk wanda ya bi hanyar Illela ya tsallaka Birnin Ƙonni ya shiga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A can ne, a 2004, ma’aikatar ilimin ƙasar tare da hukumar JICA ta Japan suka fara wani shiri na farfaɗo da kwamitocin makarantu da ake kira COGES. Matakin farko da suka ɗauka shi ne a tara jama’ar gari su zaɓi wakilansu ta ƙuri’ar sirri. Daga nan kwamitin ya kawo tsarin aikin shekara gaban jama’a su amince, a ƙarshen shekara ya dawo ya ba da bayani. A 2007 aka faɗaɗa tsarin zuwa duk faɗin ƙasar.

Mutanen Ƙonni da na Tawa ’yan’uwanmu ne. Harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, kunya da kara da girmama na gaba duk ɗaya. Abin da aka gane a can shi ne, a wurin Bahaushe ɗaga hannu a bainar jama’a gaisuwa ce. Ba wanda zai ɗaga hannu ya ƙi surukinsa, ko limaminsa, ko mai ba shi bashin hatsi da damina. Ƙuri’ar sirri tana ba talaka damar ya faɗi gaskiyarsa ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, wanda aka ƙi ma ya tashi da girmansa, tun da bai san wanda ya ƙi shi ba.

Na san za a ce wannan buɗe wa siyasa ƙofar makaranta ne, kuma tsoron yana da tushe, domin mun ga yadda zaɓe ke raba ’yan ɗaki ɗaya. Sai dai ina tambaya, jerin sunayen da ke fitowa daga aljihu, wa ya ce babu siyasa a cikinsa? Ai ya fi sauƙi ɗan siyasa ya shawo kan mutum biyu a zaure, da ya shawo kan iyaye ɗari biyu da kowannensu ke da ɗa a aji. Za a kuma ce raina iyayen ƙasa ne. Ko kusa. Kujerar wakilin hakimi ko mai unguwa tana nan, ta hedimasta ma tana nan. Waɗanda nake cewa a zaɓa su ne shugaba, da ma’aji, da wakilan iyaye da na mata. Hasali ma kariya ce ga mai unguwa, domin ranar da kuɗi suka salwanta ba za a ce yaronsa ne ya ci ba. Masu cewa iyaye ba su iya karatu ba kuwa, ai waɗannan iyayen ne ke zaɓen gwamna da shugaban ƙasa. A ba kowane ɗan takara launin takarda, a ajiye kwali a bayan allo, an gama.

Batun mata ya fi damuna. Uwa ce ta san ranar da aka koro yaro saboda malami bai zo ba, ita ce ta san dalilin da ya sa ’yarta ta bar aji ta koma talla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A garin da Nana Asma’u ta tsara jajis suna kai ilimi har ƙauyuka tun ƙarni na 19, abin kunya ne a ce mata biyu ne a taron makaranta. In zama da maza ne matsala, a ware musu lokacinsu da akwatinsu, su zaɓi wakilansu da kansu.

Yanzu na dawo kanmu, likitoci da lauyoyi da akantoci da malaman jami’a. Mun kwashe ’ya’yanmu mun kai makarantun kuɗi, muka juya wa firamaren da ta yaye mu baya, sannan mu zauna a majalisa da yamma muna jimamin lalacewar ilimi a Arewa. An ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar nan a 2015, amma babu wata doka da za ta tsaya a ƙofar aji da ƙarfe takwas ta ga ko malami ya zo. Mutanen unguwa ne za su iya wannan. Yaron da ke zaune a ƙasa a makarantar nan shi ne gobe zai yi wa ɗanka allura, ko ya tuƙa shi, ko ya tare shi a hanya. Kuma tsarin ya tanadi kujerar tsohon ɗalibi, saboda haka babu mai cewa ba shi da hurumi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowa ya leƙa firamaren unguwarsa, daga Mabera har Runjin Sambo, ya tambayi hedimasta cikin ladabi su wane ne ’yan kwamiti, yaushe aka zaɓe su, yaushe wa’adinsu zai ƙare. A nemi a sanar da ranar zaɓe a masallatai tun da sauran mako biyu. A nemi kwamiti mai barin gado ya karanta lissafinsa kafin a jefa ƙuri’a. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha kuma ta sa ƙuri’ar sirri cikin sharuɗɗan amincewa da kowane kwamiti.

Ni kam na ce an amince ran nan alhali ban san abin da na amince da shi ba, kuma laifina ya fi na tela, domin ni babu abin da zan rasa in na yi magana. Na yi masa alkawari taro na gaba tare za mu je, ni zan fara tambayar lissafi. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya shirya mana zuriya.